Yadda Ake Gasa Biskit ɗin Kare a Gida, da Yadda Ake Sayar da Shi Don Tallafa wa Karnukan da Aka Ceto

Duk wanda ya daɗe yana kiwon kare ya san cewa ɗan abin marmarin da ake miƙa masa a tafin hannu yana yin aikin da tsawa ba ta iya yi. Da shi ake koya wa kare zama da amsa kira, da shi ake kwantar da hankalin wanda ya firgita, kuma a cikinsa ake ɓoye ƙwayar magani idan likitan dabbobi ya rubuta. Na daɗe ina gasa irin wannan biskit da hannuna, kuma abin da ya sa nake fifita shi a kan na kanti shi ne mutum ya san duk abin da ya shiga cikinsa. Aikin ba shi da wuya, amma akwai wurare biyu da sabon shiga yakan yi tuntuɓe, wato zaɓen kayan haɗi da kuma busar da biskit ɗin har cikinsa, saboda haka a kansu zan fi tsayawa.

Kayan aiki

Ana buƙatar babban kwano na kwaɓi, da cokali mai yatsu, da wuƙa mai kaifi, da abin murza kwaɓi, da tiren gashi, da takardar gashi da za a shimfiɗa a kansa, da ragar ƙarfe da za a ɗora biskit a kai ya huce, sannan da kwalba ko gwangwani mai murfin da ke kama baki sosai. Idan babu abin murza kwaɓi, kwalbar gilashi mai tsabta ta wadatar, idan kuma babu takardar gashi sai a shafa wa tiren ɗan mai kaɗan. Sikelin kicin ya fi kofi amfani a wannan aiki, domin gari yana danƙarewa a kofi, nauyinsa ya riƙa bambanta daga awo zuwa awo. Sai kuma obin, wato na'urar gashi. Wanda ba shi da ita zai ga wata hanyar a ƙasa.

Kayan haɗi

Garin ots, giram 250
Kabewa dafaffiya da aka dame, giram 120
Markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar gishiri da sukari, giram 60
Ƙwai 1
Ruwa, cokali 2 zuwa 4, gwargwadon buƙata

Garin ots ba sai an saya ba, ana zuba ots ɗin, wato hatsin nan da ake dama shi kamar kunu, a injin markaɗe a niƙa shi ya yi laushi. Garin alkama yana iya maye gurbinsa, haka ma garin shinkafa, sai dai na shinkafa ba ya haɗe jikinsa, don haka akan ƙara masa ƙwai ɗaya. Dankali dafaffe ko karas dafaffe ko ayaba nunanniya duk suna iya zama a madadin kabewa. Ba a sa gishiri, ba a sa sukari, ba a sa kayan ƙamshi. Mai gashi zai ɗanɗana ya ji salam, amma kare da hanci yake zaɓen abinci, kuma ƙamshin gyaɗa kaɗai ya ishe shi.

Abubuwan da ba sa shiga ko kaɗan

Jikin kare ba ya sarrafa wasu abubuwa da mutum ke ci lafiya lau, kuma ya kamata a haddace su kafin a kunna wuta. Cakulan yana ɗauke da sinadarin tiyoburomin wanda ke daɗewa a jikin kare, yana haddasa amai da saurin bugun zuciya da jijjiga, kuma baƙin cakulan da garin koko sun fi haɗari. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙodar kare, kuma ba a san wani adadi da za a ce ba shi da illa ba. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko garinsu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ba a amfani da romon da aka dafa da su ko dunƙulen ɗanɗano. Haka kuma a nisanci gyaɗar makadamiya, da kofi, da giya, da ɗanyen kwaɓi mai yis wanda ke ci gaba da kumbura a cikin kare.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne zailitol, wani sinadarin zaƙi da ake sawa a cingam da alewa marasa sukari, kuma wasu kamfanoni suna sa shi a markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba. A jikin kare yana sa sukarin jini ya faɗi warwas cikin ɗan lokaci, kuma yana iya lalata hanta. Duk wanda zai yi amfani da ta kwalba ya karanta jerin kayan haɗin da ke jikinta daga farko har ƙarshe, ya kuma lura da lambar E967, domin wani lokaci da ita ake rubuta shi. Ni dai na fi son a soya gyaɗar a gida a markaɗa. A nan ma akwai abin kiyayewa: a baza gyaɗar a tsince duk wadda ta yamushe, ko ta canza launi, ko take warin fumfuna, domin irinta ce ke ɗauke da gubar afulatoksin, wadda ke yi wa hantar kare mummunar illa, kuma zafin gashi ba ya kawar da ita.

Idan kare ya ci ɗaya daga cikin waɗannan bisa kuskure, a kira likitan dabbobi nan take, a faɗa masa abin da ya ci da yawansa da nauyin karen. Kada a ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, domin gishirin kansa yana iya zama guba.

Matakan gashi

1. A dafa kabewa. A fere ta, a cire 'ya'yan, a yanka, a dafa da ruwa zalla ko a turara har ta yi laushi. A tsane ruwan sosai, a dame ta da cokali mai yatsu, a bar ta ta huce. Idan aka haɗa ta da zafinta, ƙwan zai dahu tun a kwano, kwaɓin ya yi gudaji.

2. A kunna obin a kan digiri 175 na ma'aunin Selshiyas tun kafin a fara kwaɓi, domin ya yi zafi daidai kafin tire ya shiga.

3. A haɗa kabewa da gyaɗa da ƙwai a kwano, a juya har su zama abu ɗaya. Sannan a riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan ana juyawa, idan ya yi tauri sai a koma murzawa da hannu. Kwaɓin da ya yi daidai yana dunƙulewa ba tare da ya manne a yatsu ba, kuma idan aka danna shi ba ya tsagewa. Idan yana ruguzewa a ƙara ruwa cokali ɗaya, idan yana mannewa a ƙara gari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba ruwan gaba ɗaya tun farko, alhali kabewa ba ta zama iri ɗaya ba, wata tana da ruwa da yawa, har ma ba a buƙatar ƙari. A rufe kwaɓin ya huta na minti 10, domin ots ya sha danshin da ke ciki.

4. A barbaɗa gari a kan tebur mai tsabta, a murza kwaɓin ya yi faɗi, kaurinsa ya zama kamar rabin santimita. A yi ƙoƙari kaurin ya zama ɗaya ko'ina, in ba haka ba gefe zai ƙone tsakiya ba ta gasu ba.

5. A yanka shi ƙanana. Don horar da kare, murabba'i mai faɗin santimita 1 zuwa 2 ya isa, domin ana son ya haɗiye da sauri ya dawo da hankalinsa kan abin da ake koya masa. Masu yanka siffar ƙashi ko ta zuciya suna yi ne don idon mai saye, kuma hakan yana da amfani idan sayarwa za a yi. Manyan yanka a huda su da cokali mai yatsu domin tururi ya samu mafita.

6. A jera a tire da ɗan tazara, a gasa na minti 20 zuwa 25, har ƙasansu ya yi launin ruwan zuma. A juya su bayan minti 12 ko makamancin haka.

7. A busar da su. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke raba biskit ɗin da zai yi mako biyu da wanda zai yi fumfuna a kwana na huɗu. Bayan gashin farko, wajen biskit ɗin yakan yi tauri amma cikinsa yana riƙe da danshi, kuma da an rufe shi a kwalba danshin zai fito ya jiƙa sauran. Saboda haka a rage zafin obin zuwa digiri 100, a bar su na minti 45 zuwa awa 1, sannan a kashe, a ɗan buɗe ƙofar, a bar su a ciki har obin ya huce. Hanyar gwadawa ita ce a ɗauki mafi kauri a karya shi biyu. Idan ya karye ƙas, kuma launin cikinsa ɗaya ne da na gefe, ya bushe. Idan ya lanƙwashe kafin ya karye, ko aka ga wani layi mai duhu da laushi a tsakiya, a mayar da tiren gaba ɗaya na ƙarin minti 20. Waɗanda wannan doka ba ta shafa ba su ne tsohon kare da haƙoransa suka yi rauni da kuma ƙaramin kwikwiyo. Su a cire musu nasu bayan mataki na 6 yana da laushi, amma a ajiye shi a firij a ƙarar cikin kwana 5.

8. A baza su a kan raga su huce sarai kafin a rufe. Ko ɗan ɗumi ne ya rage, zai yi gumi a jikin kwalba.

Idan babu obin

A samo tukunya babba mai kaurin gindi, a zuba yashi mai tsabta kamar santimita 3 a ƙasanta, a ɗora raga ko ƙananan duwatsu uku, a rufe, a bar ta a wuta na minti 10 ta ɗauki zafi. Sannan a ɗora faranti mai ɗauke da biskit a kan ragar, a rufe, a rage wuta. A riƙa dubawa duk bayan minti 5 zuwa 7, ana goge gumin da ya taru a murfin don kada ya ɗiga a kai. Idan za a bi wannan hanya a murza kwaɓin ya fi siriri, kamar milimita 3, domin zafin tukunya ba ya daidaita kamar na obin. Biskit ɗin da aka gasa haka ba safai yake bushewa har ciki ba, don haka firij ne wurinsa.

Busasshiyar hanta da dankali

Akwai karen da ba ya kula biskit idan hankalinsa ya tashi, amma da wuya a samu wanda zai ƙi hanta. A wanke hantar saniya ko ta kaza giram 500, a dafa da ruwa zalla na kimanin minti 15 har babu sauran ja a cikinta, a bar ta ta huce, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, a busar a obin mai zafin digiri 100 na awa 1 da rabi zuwa 2. Warinta yana da ƙarfi, gara a buɗe taga. Romon da ya rage kada a zubar, a yi kwaɓin biskit da shi maimakon ruwa. Kada a shanya ɗanyar hanta a rana, domin ƙudaje da ƙwayoyin cuta irin su salmonela za su riga kare kaiwa gare ta, kuma cutar tana kama mutanen gidan ma. Hanta tana da sinadarin bitamin A da yawa, wanda ke taruwa a jiki idan aka yawaita, ban da gudawar da take jawowa, saboda haka 'yan ƙwayoyi kaɗan a rana sun isa.

Dankalin Hausa ya fi sauƙi. A yanka shi tsaye da kaurin rabin santimita, a gasa a digiri 120 na awa 2 da rabi zuwa 3, a juya a tsakiya. Yana fitowa da danƙo, kare ya daɗe yana tauna.

Ajiya da yawan da ake bayarwa

Biskit ɗin da ya bushe sosai yana yin mako 1 zuwa 2 a kwalba mai murfi a wuri mai sanyi da ba rana, yana kuma yin wata 3 a firiza. Inda iska ke da zafi da danshi, a sa shi a firij tun farko. Hanta a firij take zama, kuma a ƙarar da ita cikin mako guda ko a daskarar. Idan aka ga fumfuna a jikin ƙwaya ɗaya, a zubar da na kwalbar baki ɗaya.

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce abin marmari kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da kare ke samu daga abinci a rana. Kare mai nauyin kilo 10 yana buƙatar kimanin kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 600 a rana, ke nan rabonsa na marmari kalori 60 ne. Wannan kwaɓi gaba ɗayansa yana da kimanin kalori 1,400, idan aka yanka shi gida 100 kowace ƙwaya tana da 14, saboda haka ƙwaya 4 ne rabon wannan karen. Ranar da aka yi horo mai tsawo a kakkarya su, a kuma rage ɗan abincin dare. Karen da ya yi ƙiba, ko wanda ya taɓa fama da kumburin fankiriyas, wata gaɓa a ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci, a cire masa gyaɗar a ƙara kabewa, domin maiƙo ne ke tayar da wannan ciwo. A karon farko a ba da ƙwaya ɗaya tak, a jira kwana guda a ga ko za a sami gudawa ko ƙaiƙayi.

Miƙa wa karen da aka ceto

Karen da aka tsinto a rame yana sa tausayi, kuma zuciya takan so a cika masa ciki nan take. Wannan haɗari ne, domin jikin da ya daɗe da yunwa yana iya rikicewa idan abinci mai yawa ya shige shi farat ɗaya, har ya kai ga mutuwa. A bar likita ya tsara masa abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, a jinkirta biskit sai ya murmure. Idan lokacin ya yi, kada a tunkare shi gaba da gaba, kada a zura masa ido, kada a miƙa hannu ta saman kansa. A tsuguna a ba shi gefe, a jefa ƙwaya ɗaya kusa da shi, a ƙyale shi ya ɗauka da kansa, a riƙa rage tazarar a hankali har ranar da zai karɓa a buɗaɗɗen tafin hannu. Yara ba sa yin wannan aiki su kaɗai. Idan karen da ba a san tarihin rigakafinsa ba ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda cutar haukan kare.

Sayarwa don tara kuɗi

Gidajen da ke ceto karnuka kullum suna cikin buƙatar kuɗin abinci da rigakafi da magani da aikin hana haihuwa, kuma sayar da biskit hanya ce da mutum ɗaya zai iya taimakawa daga kicin ɗinsa. Kafin a gasa komai, a fara tuntuɓar masu gidan a nemi izinin ambaton sunansu, a tambaye su abin da suka fi buƙata, domin mutane sun fi sakin hannu idan aka ce musu kuɗin na rigakafin kwikwiyoyi ne ko na aikin wani kare da ya karye. A kuma bincika dokar wurin da ake zaune, saboda ƙasashe da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin abincin dabbobi, suna neman rajista ko wani tsari na lakabi ko da sadaka ce manufar.

Busasshen biskit kaɗai nake ba da shawarar a sayar. Hanta da biskit mai laushi suna saurin lalacewa, kuma mai sayarwa ba shi da iko da yadda mai saye zai ajiye su. Kowane ƙunshi ya ɗauki takarda mai bayyana kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, da ranar gashi, da ranar da ya kamata a ƙarar, da cewa na karnuka ne. A rubuta kalmar gyaɗa da ƙwai da manyan baƙaƙe, domin ban da karnukan da jikinsu ba ya karɓar su, akwai gidajen da wani yaro ke rashin lafiya mai tsanani idan ya taɓa gyaɗa. Kada a rubuta cewa biskit ɗin yana maganin wata cuta.

Wajen sa farashi, a haɗa kuɗin kayan haɗi da na leda da takarda da na wuta ko gas, a raba da yawan ƙunshin da aka samu, sannan a ɗora abin da ake son ya je wa karnukan. Da yawa suna manta kuɗin wuta, alhali matakin busarwa yana cin ta sosai. A faɗa wa masu saye gaskiyar abin da zai isa gidan ceton, ko duk kuɗin ne ko ribar ce kawai bayan an cire kuɗin kaya, kuma a rubuta shi a inda kowa zai gani. A tanadi littafi na shiga da fita, mutum biyu su ƙirga kuɗin tare, a karɓo rasit daga gidan ceton, a nuna wa waɗanda suka saya. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya tafi shi ne zai dawo a zagaye na gaba.

Ya fi kyau a karɓi oda tukuna sannan a gasa daidai da ita, a kuma yi gashin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar rabawa. Idan wani abu ya rage, kada a kai shi gidan ceton a raba wa karnuka ba tare da an tambaya ba, domin a cikinsu akwai waɗanda likita ya ɗora a kan abinci na musamman. A miƙa wa mai kula da su tare da takardar kayan haɗin, ko a sa a firiza da ranar gashi a rubuce a jikin ledar.